Igiyar Sirdin Farauta a Kan Bishiya: Mai Kauri ko Siririya, Kuma da Wane Kirtani?

A dazuzzukan Michigan, Pennsylvania da Wisconsin na ƙasar Amurka, daga watan Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba, maharbin barewa mai farar wutsiya yakan hau bishiya tun kafin gari ya waye, ya yi sama kamar ƙafa 20, wato mita 6, ya zauna jiran dabba ta zo wucewa. Maharba da yawa yanzu sun ajiye kujerar ƙarfen nan da ake kafawa a jikin bishiya, sun koma sirdi. Sirdin nan wata ɗamara ce mai faɗi da ke tallafe ƙugu da mazaunai. Ƙafafu suna kan ɗan dandamali da bai fi tire girma ba, jiki ya kishingiɗa baya, fuska na kallon bishiya, nauyin mutum kuma yana kan igiya ɗaya da ɗan kirtanin da aka naɗe a jikinta. Mai kujerar ƙarfe, igiyarsa ranar tsautsayi take jira. Mai sirdi kuwa igiyarsa aiki take yi tun daga hawa har sauka, awa huɗu, awa shida, wani lokacin wuni guda cur.

Shi ya sa tambayar "wace igiya ce ta fi ƙarfi?" ba ita ce ta farko ba. Igiyoyin da ke jikin sirdi aikinsu daban-daban ne, abin da ke lalata kowace ma daban ne. Akwai igiyar turke, mai tsawon ƙafa 8, kusan mita 2.4, wadda ake zargawa a jikin bishiya daidai goshi ko sama kaɗan, ita ce ke riƙe mutum lokacin zama. Akwai igiyar ƙugu, irin wadda ma'aikatan wutar lantarki ke zagaya falwaya da ita, tana barin hannu biyu su yi aiki lokacin hawa. Akwai gada, guntuwar igiyar da ta haɗa ɓangaren dama da na hagu na sirdin ta gaba, inda karabina, wato ƙugiyar nan mai kulle, ke zamewa idan mutum ya juya zai yi harbi. Akwai kirtanin kamu, wanda ake naɗewa a jikin igiya ya cije idan an sa masa nauyi, ya saki idan an ɗauke. Masu sauka ta igiya suna da doguwar igiyar sauka. Sai ta ƙarshe, igiyar jawo baka ko bindiga daga ƙasa. Guda biyar na farko rai ne a kansu. Ta shidan kaɗai ce ba ruwanta da rai.

Lambar da ke jikin kwali

Masu ƙera igiya suna rubuta ƙarfinta da fam ko da kilonuton, wanda ake taƙaitawa kN. Kilonuton ɗaya kusan nauyin kilo 102 ne, ko fam 225. A nemi inda aka rubuta MBS, wato mafi ƙarancin nauyin da ke tsinka igiyar. Wasu kamfanoni matsakaicin ƙarfi suke rubutawa, lambar takan fi girma a ido, don haka ba a kwatanta ta kai tsaye da MBS ɗin wata igiya.

Ƙa'idar masu gyaran bishiyoyi ta Amurka, ANSI Z133, ta ce igiyar hawa kada ta gaza fam 5,400, kusan 24 kN, karabina kuma fam 5,000. Ƙa'idar Turai ta igiyoyi masu ƙarancin miƙewa, EN 1891, ta raba su gida biyu: ajin A aƙalla 22 kN, ajin B aƙalla 18 kN, kuma ta fara ne daga kaurin milimita 8.5. Duk igiyar da za ta zama turke, ƙugu ko sauka, a sa mata 20 kN a matsayin ƙasa, 22 zuwa 24 ya fi kwanciyar hankali.

Mutum mai kilo 90 zai iya cewa me zai yi da igiyar da ke ɗaukar fiye da tan biyu. Dalilin shi ne lambar nan ta sabuwar igiya ce, busasshiya, marar ƙulli. Da zarar an yi ƙullin takwas, wato mai siffar lamba 8, a bakinta, kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙarfin ya tafi, domin a lanƙwasa zaren waje ne ke ɗaukar nauyi, na ciki na hutawa. Ɓawon bishiya ya ci nasa, rana ta ci nata, yashi ya shiga tsakanin zare yana yanka a ɓoye. Sannan ga faɗuwa. Idan mai kilo 90 ya bar sako-sako a igiyar turke, ƙafarsa ta zame, ya faɗo santimita 60 kacal, igiya da sirdi da jiki suka tsayar da shi cikin santimita 10, lissafi ya nuna ƙarfin fizgar zai kai wajen 12 kN. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, iyakar da ta yarda ta sauka a jikin mutum ita ce fam 1,800, wato 8 kN, kuma wannan ga mai sanye da ɗamarar da ta kama har kafaɗu ne, ba mai sirdin ƙugu kaɗai ba. Kamfanin DMM na ƙasar Wales ya taɓa gwada gajerun ɗamarorin Dyneema, wani zaren roba mai ƙarfi, masu lambar 22 kN, ya sake musu ƙarfe mai kilo 80 daga ɗan gajeren nisa, wasu suka tsinke, waɗanda aka yi wa ƙulli kuma suka fi saurin tsinkewa. Ƙarfe ba ya lanƙwasa kamar jikin mutum, gaskiya ne, amma abin da jiki ya shanye na fizgar, a ƙugu da ƙashin baya yake shanye shi.

Wasu kan ce to a yi turke da igiyar masu hawan duwatsu mai miƙewa, mai lambar EN 892. Tana rage fizga, babu musu. Amma abin da ke tsakanin bishiya da gada bai fi mita ɗaya ba, kuma mita ɗaya ba ya miƙewa sosai. Ga shi tana sa mutum lilo sama da ƙasa lokacin da yake son ya tsaya cak ya saita kibiya. Maganin fizga yana wurin hana sako-sako: igiyar turke a ɗame koyaushe, kuma ƙugu kada ya taɓa wuce inda aka zarga ta a bishiya.

Zaren da aka yi ta da shi

Yawancin igiyoyin nan riga ce da ɓargo. Rigar saƙa ce ta waje mai kare igiya daga guga, ɓargon na ciki shi ne ke ɗaukar yawancin nauyi. Dole a san zaren kowanne.

Nailan yana miƙewa, yana ƙulluwa da kyau, yana da araha. Aibinsa shan ruwa: idan ya jiƙe yakan rasa kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na ƙarfinsa, ya yi nauyi, kuma a sanyin Nuwamba ya daskare ya zama kamar sanda. Foliyesta ba ta shan ruwa sosai, ba ta miƙewa da yawa, tana jure rana da guga, tana narkewa ne a wajen digiri 255 na ma'aunin Selsiyos. Ga igiyar da za ta wuni tana gugar ɓawon bishiya cikin raɓa, foliyesta ta fi nailan dacewa.

Dyneema da Spectra dangi ɗaya ne. A kauri ɗaya ƙarfinsu yana gogayya da na wayar ƙarfe, ga rashin nauyi har suna yawo a kan ruwa. Amma suna da santsi kamar an shafa musu sabulu, ƙulli yana silalewa ya kwance a jikinsu, suna narkewa a wajen digiri 145, kuma tun kafin su kai nan ƙarfinsu ya fara raguwa. Technora kishiyarsu ce ta fuskar zafi: ba ta narkewa, sai ta kusa digiri 500 take ƙonewa, tana kuma jure yanka. Rauninta hasken rana da yawan lanƙwasa a wuri ɗaya, zarenta yakan ci junansa a cikin ƙullin da aka daɗe ba a kwance ba.

Sai folifirofilin, zaren igiyar ledar nan shuɗiya da ake jan guga ko ɗaure kaya a mota. Ita kaɗai, a murɗe, ba ta da gurbi a jikin sirdi, haka ma igiyar rama da ta kaba da duk igiyar shagon kayan gini komai kyan saƙarta. Akwai masu kama da igiyar hawa sak, da launin ganye da komai, amma idan aka yanka bakinsu sai a tarar ɓargon tarkacen zare ne kamar auduga. Igiyar da ba ta da sunan kamfanin da aka sani, ba MBS, ba takardar bayani, a bar ta a kanti ko da a intanet an rubuta mata lamba mai ban sha'awa.

Milimita 11, 9 ko 8

Nan ne gardamar maharba ta fi zafi. Igiyoyin milimita 11 zuwa 11.5 sun fito ne daga wurin masu gyaran bishiyoyi. Sananniya a cikinsu ita ce Samson Predator, mai milimita 11.4, foliyesta ciki da waje, matsakaicin ƙarfinta fam 6,000. Na milimita 8 kuma sun fito daga wurin masu aikin ceto da masu sauka kwazazzabai, irin su Sterling Oplux da Teufelberger Resc Tech, waɗanda aka haɗa Technora da zaren dangin Dyneema a cikinsu. Dukansu sun haura fam 5,000. Wato a lamba, siririyar ba ta gaza mai kaurin ba.

Bambancin yana hannu ne da jikin bishiya. Mai milimita 11 tana cika tafin hannu, ko da safar hannu a cikin sanyi ana jin ta. Tana da ɗan tauri, wanda shi ne ake so a igiyar ƙugu: idan mutum ya matso jikin bishiya ya kaɗa ta sama da hannu biyu, takan tashi gaba ɗaya ta haye bayan bishiyar. Mai milimita 8 laushi gare ta, sai ta lanƙwashe ta maƙale a tsagin ɓawo, mutum ya koma yana miƙa hannu bayan bishiya yana tura ta, alhali wannan ne lokacin da ƙafa ɗaya ke kan matakin da ake ɗaurawa a jikin bishiya don hawa. Mai kauri tana kuma da nama: idan kaifin mataki ko bakin kibiya ya shafe ta ya ci milimita ɗaya, abin da ya rage da yawa. Milimita ɗaya a jikin igiya mai milimita 8 babban rashi ne. Sannan kusan duk na'urar kamu, wato ɗan ƙarfen da ke aikin kirtanin kamu, da ke kasuwa tana karɓar milimita 11, kuma kirtani mai milimita 8, wanda shi kansa mai ƙarfi ne, yana kama ta da kyau.

Abin da siririya ta fi shi ne nauyi da wuri. Mita ɗaya na milimita 8 yana wajen giram 40 zuwa 45, na milimita 11 kuma kusan ninki biyu. A igiyar turke mai mita 2.4 ribar ba ta wuce giram 100 ba, abin da bai kai nauyin wayar hannu ba. A igiyar sauka mai mita 12 ne ribar ke kai rabin kilo, kuma dunƙulen ya shiga ƙaramar jakar gefen sirdi maimakon jakar baya. Ga mai tafiyar kilomita biyu ko uku cikin dajin gwamnati da matakai a bayansa, wannan abin dubawa ne. Sai dai siririya tana zuwa da sharuɗɗa. Ta faɗi ƙasa da inda EN 1891 ta fara, don haka dogaro yana kan gwajin kamfanin da ya yi ta. Na'urori da yawa ba a yi su dominta ba. Kirtanin da zai kama ta dole ya zama milimita 5.5 zuwa 6, kuma a wannan kaurin zaɓin mai aminci kaɗan ne. Ga tsada.

Milimita 9 ita ce tsakiyar da ba a cika yi mata talla ba. Sterling HTP mai milimita 9 foliyesta ce zalla, 20 kN, tana da tauri, ba ta shan ruwa. Canyon C-IV ita ma milimita 9 ce, da rigar Technora, ba ta da nauyi. Amfaninsu babba shi ne sun shiga cikin iyakar na'urorin sauka: Mad Rock Safeguard an yi ta ne don milimita 8.9 zuwa 11, Petzl GriGri na yanzu 8.5 zuwa 11. Maharba da yawa suna zura milimita 8 a cikin waɗannan na'urori suna cewa tana riƙewa. Tana riƙewa a busasshiyar igiya da ta ɗan tsufa. Sabuwa mai santsi, ko jiƙaƙƙiya, ko mai ƙanƙara, ita ce ke gudu.

A ganinmu, wanda zai fara sirdi ya sayi milimita 11 a turke da ƙugu, ya yi kaka guda da su. Wanda ya ƙware yana son rage kaya, ya mayar da turke milimita 8 idan ya ga dama, amma ya bar ta ƙugu da kaurinta. Wanda zai riƙa sauka da na'ura ya tsaya a milimita 9.

Kowace aka zaɓa, bakin da ke zagaya bishiya yana bukatar ido, wato madaukin da ake zura sauran igiyar a ciki. Idon da kamfani ya ɗinka ya fi ƙulli riƙe ƙarfi kuma ba ya cin wuri, ba kuma abin da ake ɗinkawa a gida ba ne. Idan ƙulli za a yi, a yi ƙullin takwas, a gyara shi layi-layi ba tare da wani ya hau wani ba, a ja shi da nauyin jiki, a bar wutsiya aƙalla ninki goma na kaurin igiyar. Ɗaya bakin kuma dole ƙullin tsayarwa. Rashinsa ne ke sa kirtani ya zame har ya fice daga ƙarshen igiya, mutum ya tafi da baya.

Kirtanin kamu, inda aka fi yin kuskure

Ƙullin da aka fi sani shi ne Prusik, sunan Karl Prusik ɗan ƙasar Ostiriya da ya fito da shi ga masu hawan duwatsu a 1931. Ana ɗaukar kirtani kamar mita 1.2, a haɗa bakinsa biyu da ƙullin masunta mai naɗi biyu ya zama zobe, a naɗa zoben sau uku a jikin igiya, layi shida ke nan a jere. Yana kamawa ta kowace fuska, yana da sauƙin dubawa da ido. Matsalarsa, bayan an zauna a kansa awa uku yakan cije ƙam, sai an tashi tsaye an sassauta shi da babban yatsa. Distel da Schwabisch ana yin su da kirtani mai ido a kowane baki, tsawon santimita 60 zuwa 75, naɗi huɗu ko biyar. Fuska ɗaya suke kamawa sosai, amma suna saki cikin sauƙi, kuma da ɗan zoben turawa a ƙasansu ana ɗame igiya da hannu ɗaya.

Kaurin kirtani ya kasance kashi 60 zuwa 80 cikin 100 na kaurin igiya. A milimita 11, kirtani 7 ko 8. A milimita 9, kirtani 6 ko 7. A milimita 8, kirtani 5.5 ko 6. Idan kirtani ya yi kusa da igiya a kauri ba ya lanƙwasa ya rungume ta, sai ya zame. Idan ya yi siriri da yawa sai ya cije ya ƙi saki, kuma ƙarfinsa ya yi kaɗan. Tauri ma yana da tasiri: kirtani mai tauri ko da kaurinsa daidai ne yakan ƙi kamawa a karon farko, kuma wannan karon ne ake bukata.

Ƙa'idar EN 564 ta nuna mafi ƙarancin abin da kirtanin nailan na yau da kullum zai ɗauka: milimita 5 yana da 5 kN, milimita 6 yana da 7.2, milimita 7 yana da 9.8, milimita 8 yana da 12.8. A zobe ƙafa biyu ne ke raba nauyi, amma ƙulli yana cin nasa, don haka jimlar ba ta kai ninki biyu ba. A nan ake ganin tarkon siririyar igiya: mutum ya sayi igiya mai 24 kN, ya rataye a kan kirtanin nailan mai 7.2. Shi ya sa masu milimita 8 ke neman kirtani na musamman irin Sterling TRC mai milimita 6, mai rigar Technora, ko ɗinkakken zoben Beal Jammy mai milimita 5.5 da lambar 22 kN. Masu milimita 11 sun huta, domin kirtanin masu gyaran bishiyoyi irin Teufelberger Ocean Polyester ko Yale Bee-Line mai milimita 8 dominsu aka yi shi, yana jure zafi da guga. Sterling Hollow Block kuwa, duk da yana kamawa da kyau, mataimaki ne a lokacin sauka, ba a mai da shi abin da mutum zai rataya a kansa shi kaɗai.

Zafi ne ke kashe kirtani. Idan ƙulli ya zame mita ɗaya da nauyin mutum a kansa, duk zafin gugar yana taruwa a wuri ɗaya a cikin naɗin, ita igiyar kuwa sabon wuri take kawowa kowane lokaci. Nailan yakan yi ƙyalli ya taurare. Dyneema narkewa take yi. Don haka ba a yin kirtanin turke ko na sauka da AmSteel, wata igiyar Dyneema marar riga, ko wani zaren Dyneema tsirara. Kirtani mai ɓargon Technora ko Dyneema kuma, idan da hannu za a haɗa shi zobe, ƙullin masunta mai naɗi uku ake yi, domin ɓargon yakan zame daga cikin riga.

Masu son sauri suna maye gurbin kirtani da ƙaramar na'ura. Wild Country Ropeman 1 an yi ta don milimita 10 zuwa 13, ba ta halatta a milimita 8 ba. Kong Duck tana karɓar 8 zuwa 13. Daɗinsu a igiyar ƙugu ba ya misaltuwa, ja ɗaya igiya ta ɗame. Amma na'urorin nan ba a yi su don tare faɗuwa ba. Kirtani idan aka fizge shi yakan ɗan zame ya rage ƙarfin fizgar. Na'ura cizo take yi a wuri ɗaya, kuma daga wajen 4 zuwa 6 kN tana iya yage rigar igiya ta zame da ita. Idan aka tuna lissafin 12 kN na faɗuwar santimita 60, za a ga dalilin da ya sa muke fifita kirtani a turke. Wanda ya nace sai na'ura, ya ƙara kirtani a samanta, ko ya yi ƙulli a igiyar ƙasa da ita kaɗan ya maƙala a karabina. Ga kuma ƙarar ƙarfe a kan ƙarfe, wadda barewa ke ji daga nesa.

Gada, da inda AmSteel ke da gurbi

AmSteel-Blue na kamfanin Samson Dyneema ce zalla, saƙa 12, ba riga ba ɓargo, cikinta rami ne. Mai kaurin inci 1/4, kusan milimita 6, matsakaicin ƙarfinta fam 8,600, mai 3/16 fam 5,400, mai 1/8 fam 2,500, mai 7/64 fam 1,600. A gada santsin nan nata ya zama alheri, karabina tana yawo a kanta ba ƙara ba tirjiya. Inci 1/4 ake amfani da shi a gada, ba don ana bukatar fam 8,600 ba, sai don ya bar rarar da guga za ta ci. Sirarran, 7/64 da 1/8, na ɗaure matakai ne da rataye kaya.

Ba a ƙulla AmSteel, cusa ta ake yi cikin kanta. Ana lanƙwasa baki a yi ido, a sarƙe shi, a zura wutsiyar cikin ramin igiyar, saƙar waje ta matse ta idan an ja. Tsawon abin da aka cusa ya kai ninki 60 zuwa 72 na kaurin igiyar, wato a inci 1/4 kusan santimita 40 zuwa 45. A fiƙe ƙarshen wutsiyar ta hanyar rage zare ɗaya-ɗaya, domin idan ta ƙare gaba ɗaya a wuri guda, nan igiyar za ta tsinke. A kuma yi ɗan ɗinki ya riƙe ta, don lokacin da ba nauyi ne wutsiya ke silalowa waje. Gajeren cusawa shi ne kuskuren da aka fi gani a gadar da aka yi a gida: ido ya yi kyau a gani, abin da ke ciki bai fi ɗan yatsa ba. Wasu kamfanonin sirdi suna sayar da gadar AmSteel mai daidaituwa da ƙullin AmSteel a kanta. Wannan saiti ne da suka gwada tare, ana kuma gyara shi ne lokacin da ba nauyi, ba hujja ba ce ta ɗaukar dabarar zuwa turke.

Wanda bai iya cusawa ba, ya bar gadar da ta zo da sirdin. Sauya ta yakan fitar da sirdin daga yadda aka gwada shi. Idan dole ne, ɗamarar nailan mai rami mai faɗin inci 1 tana ɗaukar kusan fam 4,000, ana haɗa ta da ƙullin ruwa, a bar wutsiya santimita 8 kowane gefe, a riƙa duba ta kafin kowane hawa, domin ƙullin nan yana cin wutsiyarsa a hankali.

Igiyar sauka da ta kaya

Tsawon igiyar sauka shi ne tsayin da za a kai, da kewayen bishiya, da abin da ƙulli zai ci, da rara. Mai hawa ƙafa 25 yana bukatar ƙafa 35 zuwa 40. A nan rigar Technora tana biyan kuɗinta saboda zafin guga. Wurin zarga ta a bishiya kada a sa karabina, domin za ta kwanta a jikin bishiyar ta ɗauki nauyi ta gefe. Karabinar da ke ɗaukar 20 kN ko fiye a tsaye, 7 kN ne ƙa'idarta a gicciye. Zoben ƙarfe mai murɗi, mai lambar ƙarfi a jikinsa, shi ake sawa, a murɗe shi har ƙarshe. A sa kirtanin taimako a ƙasan na'urar sauka, a yi ƙulli a ƙarshen igiya.

Farakod, kirtanin laimar sojan sama mai lamba 550, fam 550 yake ɗauka, wato kilo 250, kusan 2.4 kN, kafin a yi masa ƙulli. Ya isa jawo baka da jaka, ya isa jawo igiyar sauka daga sama bayan an dira. Iyakarsa ke nan. Ba ya zama kirtanin kamu, ba ya zama gada, ba ya zama "na ko-ta-kwana".

Lokacin ajiye ta

Kafin kowace fita a bi igiya da yatsu daga baki zuwa baki, ana lanƙwasa ta kaɗan-kaɗan. Inda ta karye ta yi kwana maimakon ta yi baka, ɓargo ya lalace a nan. Inda ta yi laushi, ko ta yi ƙullutu, ko ta yi ƙyalli da tauri, ko farin ɓargo ya leƙo ta cikin riga, ta gama aiki. Gashi-gashin da ke tashi a riga ba laifi ba ne muddin zaren saƙar bai yanke ba. A kwance kirtanin kamu gaba ɗaya a duba cikin naɗin, don can ne yake cinyewa, waje kuwa yana nan kamar sabo. Kirtani ya fi komai araha kuma ya fi komai wahala, a sauya shi kowace kaka. Duk abin da ya tare faɗuwa mai ƙarfi sau ɗaya a ajiye shi. Yawancin kamfanoni suna sa shekara 10 a matsayin iyakar kayan zare ko ba a taɓa amfani da su ba, wanda ake aiki da shi kuwa ba ya kusantar haka.

Ruwan batirin mota yana cinye nailan ba tare da ya bar alamar da ido zai gani ba, don haka igiya ba ta kwana a but ɗin mota kusa da batir. Ba a barin ta a bishiya tsakanin fita da fita, rana na dukanta, kurege na gwaguyarta. Wanki da ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu marar ƙarfi, shanya a inuwa, nesa da wuta. Wadda aka yanke wa hukunci a daddatsa ta guntu-guntu don kada wani ya tsince ta ya hau da ita.

Duk sabon haɗi, ko sabuwar igiya ce da tsohon kirtani ko akasin haka, a gwada shi ƙafa na taɓa ƙasa. A zarga turke, a zauna, a tashi, a sassauta ƙullin, a sake zama ba tare da an gyara shi da hannu ba, sau goma. A jiƙa igiyar da ruwa a maimaita. A sa safar hannun da za a fita da ita a maimaita, sannan a sake yi da duhu. Idan ƙullin ya zame ko sau ɗaya a cikin waɗannan, a ƙara naɗi ɗaya a sake farawa daga farko. Idan ya sake zamewa, kirtanin nan ba na igiyar nan ba ne, a nemi wani.